Ranar da Sakiusa Ya Kyautar da Kwale-kwalensa

Sakiusa ba mutum ne mai kyauta ba, kuma kowa a tsibirinmu ya san haka. A nan in kana bukatar abin ɗan'uwanka, kerekere za ka yi masa. Ka je ka zauna a tabarmarsa, ka sunkuyar da kai, ka roƙa da murya ƙasa-ƙasa, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. To Sakiusa tun yana saurayi ya gano maganin abin. Ba ya bari maganar ta faɗo. Kana fara yabon tarunsa ya riga ya ji inda ka dosa, sai ya tare ka da kukan cewa tarun ya yage, shi ma yanzu yake shirin zuwa gidanka neman zaren gyara. Ka zo roƙo, ka koma gida kana tunanin inda za ka samo masa zare.

Sai ga shi da furfura ta fito, mutane suka fara cewa Sakiusa ya sauya. Wai babu mai buɗaɗɗen hannu irinsa. Fasto har misali ya yi da shi a wa'azin Lahadi. Sakiusa ya ga coci duka an waigo ana kallonsa ana murmushi, bai san dalili ba, sai ya ɗaga gira.

Wannan girar ita ce tushen komai. A wurinmu in ka ɗaga gira ka ce e ke nan. Shi kuwa Sakiusa shekarun da ya yi yana nutso a teku da tiyo a baki sun cinye masa kunne, amma ko za a yanka shi ba zai yarda ba. Ga shi ba a ɗaga wa dattijo murya, ba a kuma kallonsa ido cikin ido. Duk wanda ya zo, kansa a ƙasa, maganarsa cikin tabarma take shigewa. Sakiusa ya jira har ya ga haɓar mutum ta daina motsi, ya ɗaga gira, baƙo ya tashi yana ta godiya. Shi a ransa gaisuwa aka zo yi masa, ya ga kuma ya kai shekarun da za a riƙa zuwa.

Mutum ɗaya ce ke yi masa ihu, matarsa Vasiti. Ita ma faɗa ne kullum a kan kayan da ke ɓacewa daga rumfar bayan gida.

"Kai ka bayar, Baban Una," haka take cewa.

"Ni? Ke dai kin rabar wa danginki, kina neman wanda za ki ɗora wa."

Ana nan babban jirgin ruwa na Suva, babban birninmu, ya zo ya ajiye wata ma'aikaciyar lafiya, Litiana, da akwatinta na awon kunne. Za ta zauna a ɗakin shan magani har jirgin ya gama zagayen tsibiran kudu ya dawo ya ɗauke ta. Vasiti ta tasa mijinta a gaba. Ya tafi ne kawai don kada a ce ya raina baƙuwa.

Litiana ta nemi izini kafin ta kai hannu kansa, ta ɗora masa abin sauraro, ta ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga yatsa. Ya ɗaga inda ya ji, ya ɗaga inda ya ga kamar ya kamata a ce ya ji. Ta duba na'urarta. Sannan ta jawo kujera ta zauna daf da shi, ta kalle shi ido cikin ido, ta buɗe murya tana raba kalmomi ɗaya-ɗaya.

"Baba, na'ura ta gaya mini abin da kunnenka ya rasa. Yanzu ina so in san abin da kai ka rasa. Zan yi maka tambayoyi. Ka ce e, ko wani lokaci, ko a'a."

Sakiusa ya ji ta tsaf. Ya waiga ya harari Vasiti. "Kin gani? Yarinya ta yi magana kamar mutum, na ji. Ku ne kuke tauna magana kamar kuna cin ɗanyen rogo."

"In mutum ya yi maka magana a hankali, kana shan wahala?"

"A'a."

"In an taru da yawa, kakan ji an bar ka a baya?"

"A'a. Gaba ma ake sa ni."

"Kunnenka na jawo faɗa tsakaninka da iyalinka?"

"Hannunta ne ke jawowa, ba kunnena ba."

Vasiti ta buɗe baki, Litiana ta ɗan ɗaga mata hannu. Haka suka bi tambayoyin har ƙarshe, a'a daga sama har ƙasa. Litiana ta ajiye biro.

"To, Baba, na'urorin ji da na zo da su ba su da yawa. Wanda ya ce ba abin da ke damunsa, in na ba shi, cikin gwangwanin ƙusoshi zai jefa ta. Ina nan dai har jirgi ya dawo."

Sakiusa ya fita yana taƙama kamar wanda ya ci kokawa.

Da yamma maza suka taru a zauren gari kamar kullum, aka daka saiwar yangona, abin shanmu na gargajiya, aka dama a babban akushi, ƙoƙon kwakwa ya fara zagayawa. Can sai ga Peniasi ya shigo da damin saiwa a hannu. Peniasi ɗan kawun Sakiusa ne, taubashinsa, ƙanin Vasiti kuma. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da ɗaya ya zagi ƙafar ɗaya ba. Amma yau ya shigo a sunkuye, ya durƙusa gaban Sakiusa, ya ajiye damin, ya yi ta magana da tabarma.

Sakiusa ya lissafa a ransa. Ɗan Peniasi zai tafi Suva karatu, albarka ake nema, ba wani abu ba. Ya lura maza sun daina miƙa ƙoƙo, wasu sun saki baki, amma ya ɗauka ladabin Peniasi ne ya ba su mamaki, don shi ma ya ba shi. Da haɓar Peniasi ta tsaya, ya ɗaga gira, ya ɗora hannu a kan saiwar, ya faɗi kalmomin karɓa da babbar murya, ya tafa. Zaure duka aka tafa. Dagacin gari ya daɗe yana kallonsa yana girgiza kai.

Washegari ya ɗauki jarkar mai ya gangara bakin ruwa. Turke na nan, igiya na nan, kwale-kwale babu.

Wannan kwale-kwalen ba abin wasa ba ne. Kunnen Sakiusa ne ya saye shi, don kuɗin nutso ya tara. Ko Vasiti ba ta hawa sai ta wanke ƙafa. Ya bi gaɓa yana huci, sai ya hango shi can ƙarƙashin bishiyar kwakwar Peniasi, an jawo shi kan yashi. Peniasi na tsugune da gwangwanin fenti, ya riga ya shafe rabin gefe da wani rawaya mai kashe ido.

"Kai, ɓarawo. Wa ya ba ka?"

Peniasi ya miƙe, ya kalle shi a fuska, ya ɗaga murya yadda taubashi kaɗai ke iya yi. "Ina kwana, babban mai kyauta. Kai ka ba ni mana."

"Aro?"

"Wane irin aro? Kyauta, har da injin. Jiya a gaban akushi na yi maka kerekere, ka karɓi saiwa, ka tafa. Gari duka shaida ne." Ya karkata kai. "Ko dai ba ka ji abin da na ce ba ne?"

Sakiusa ya haɗe fuska. "Na ji mana."

"To madalla. Rawayan nan ya yi maka, ko in ƙara ja a baki?"

"Ya yi kama da haƙoranka."

"Na gode. Saurara, tsoho. Abin da aka bayar a gaban akushi, a gaban akushi ake karɓarsa, ka fi ni sani. In ba ka ji ba, je ka faɗa a inda ka bayar, in mayar maka da shi har da man da ke ciki. In kuwa ka ji, matsa, kana tare mini haske."

Sakiusa ya koma gida da jarkarsa. Kashegari ya ɗauki fatsa ya shiga ruwa iya gwiwa a gefen da mata ke kamu, ya dawo da 'yan kifaye waɗanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci. Vasiti ta dafa su da madarar kwakwa ta ajiye masa da gwaza. Daga ƙofa yana hango rawayan nan yana ƙaruwa. An kuma ce jirgin Suva ya bar tsibiri na ƙarshe, yana hanya.

Ya auna abin ta kowane gefe. In ya yi shiru, kwale-kwale ya tafi, ya ƙare rayuwarsa yana kamun kifin kyanwa. In ya yi magana, ya tsaya gaban maza ya ce shi kurma ne.

Da safe ya ɗaura zaninsa na fita irin na mazanmu ya nufi ɗakin shan magani, wai bayansa ke ciwo. Litiana ta ba shi man shafawa. Ya karɓa ya ƙi tashi.

"'Yata, cikin tambayoyin nan naki, akwai wurin kwale-kwale?"

"Babu, Baba." Ba ta yi dariya ba, wannan ya sa ya ga hankalinta. "Amma ina ganin laifin kujerar nan ne. Kowa ya zauna a kanta lafiyarsa ƙalau. Mu je ka nuna mini inda kake wuni."

Suka tafi gidan. Vasiti ta bar wankinta ta biyo su rumfar baya. Bangon rumfar cike yake da ƙusoshi, kowace da inuwar abin da ya daɗe rataye a kanta, amma ƙusoshin kawai suka rage. Litiana ta taɓa ta farko.

"Me ke rataye nan a da?"

"Zarto mai inji."

"Yana gidan Ilaitia," in ji Vasiti da ƙarfi. "Ya zo bayan guguwar bara, ya zauna can kusa da ƙofa."

Sakiusa ya tuna. Ilaitia ya zo da sabuwar riga, ya daɗe a sunkuye. Shi ya ɗauka jajen rufin da iska ta kware aka zo yi masa.

"Wannan fa?"

"Taru."

"'Ya'yan Josaia. Ranar da ka ce yaran nan sun iya gaisuwa."

Tsani yana gidan fasto. Babbar tukunyar biki tana wurin matan coci. Baro ya yi hannu uku, yanzu ma ba a san takamaiman inda yake ba. Kwanon rufin da ya ajiye don ɗakin girki yana kan bayan gidan wani. Kowanne Vasiti ta faɗa, sai fuskar mutumin ta dawo masa, da sunkuyon, da godiyar da ta yi yawa a kan gaisuwa kawai. Ya zauna a kan kututture.

"Wato shi ya sa ake kawo mini kan kifi, rabon manya."

"Da ka ɗauka kyanka ne ya jawo?" in ji Vasiti.

Litiana ta tsuguna gabansa ta sake ɗauko tambayoyin daga farko. Ta farko ya ce wani lokaci. Vasiti ta yi tari. Ya ce e. Ta biyu bai jira tarin ba. Da aka zo kan faɗa da iyali ya kalli ƙusoshin, ya kalli matarsa, ya ce a rubuta e amma a rubuta ƙarami.

"Akwai abin da kake yi a da, yanzu ka bari?"

"Waƙar coci ban bari ba. Matsayi ma aka ƙara mini, aka mai da ni can ƙarshen layi bayan ginshiƙi."

"Don kana shiga baiti na biyu mu muna na farko," in ji Vasiti.

Sakiusa ya gyara zama a kan kututturen. Can ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "'Yarmu Una takan kira daga Suva ranar Lahadi. Nakan ce ba na son waya, in miƙa wa uwarta. Ɗanta ya fara magana, an ce. Ban san muryarsa ba."

Litiana ta rubuta, ta rufe takardarta, ta ce su koma ɗakin shan magani.

Na'urar ba ta kai jatan lande girma ba. Litiana ta sake neman izini, ta maƙala masa a bayan kunne, ta yi ta daidaitawa. Abu na farko da ya shigo masa teku ne, ashe duk shekarun nan bai daina ruri ba. Sai kaji. Sai takalmin wani a kan tsakuwa.

"Yaya ka ji?" in ji Vasiti da muryar da ta saba.

Sakiusa ya zabura. "Maman Una, ihun me kike yi? Mutuwa aka yi?"

Da yamma ya tono saiwa mafi kauri a gonarsa, ya wanke, ya nufi zaure. Sumarsa ta rufe na'urar, ba wanda ya lura. Ya zauna a wurinsa, ƙoƙo ya fara zagayawa, maza suka ci gaba da hirarsu ƙasa-ƙasa a gabansa kamar yadda ashe suka saba.

"Ya zo da saiwa. Zai faɗa."

"Sakiusa? Sai dai ya roƙi ruwan sama."

"Ni dai ya yi sauri," muryar Peniasi ce wannan. "Ko tada injin ban yi ba, ban iya ba. Kullum sai na tashi na duba ko igiyar ruwa ta taɓa shi. Yaya Vasiti ta sa ni wannan aiki, ta ce in ban yi ba kada in ƙara cin abincin gidanta."

Sakiusa ya kurɓi yangonarsa a hankali. Wato har da matarsa. Ya so ya ji haushi, ya nema bai samu ba. Ya tura damin saiwar tsakiyar tabarma, ya gyara zama, zaure ya yi tsit.

"Ranar da wannan mai haƙoran rawaya ya durƙusa gabana, ban ji abin da ya ce ba. Ko kalma ɗaya. Ilaitia, ban ji ka ba. 'Ya'yan Josaia, ban ji ku ba. Fasto ma, Allah ya ba shi haƙuri, wa'azinsa na shekaru bakinsa kawai nake kallo. Kunnena ya mutu tuntuni. Na faɗa."

Ya jira dariya. Dagaci ya gyara murya ya ce, "Mun sani, Sakiusa. Kai kaɗai ne labarin bai iske ba."

Sai a lokacin aka yi dariyar, shi ma ya yi. Peniasi ya ɗora hannu a kan saiwar ya karɓa, ya ce kwale-kwale ya koma ga mai shi, aka tafa. Amma Ilaitia da wasu sun kasa ɗaga kai. Ilaitia ya fara cewa gobe da sassafe zai kawo zarto.

Sakiusa ya dube su. Ya tuna kawunan kifin da ya ci, da yadda yara ke rige-rigen ɗaukar masa kaya. Sunan mai kyauta bai nema ba, amma ya ɗanɗana, ba shi da ɗaci.

"Ku riƙe. Abin da ya tafi ya tafi." Ya ɗan yi tunani. "Ban da baro. Duk wanda baro ke hannunsa ya dawo da shi."

Sai ya juya ga Peniasi, ya ɗaga sumarsa ya nuna na'urar. "Kai kuma, ka ce ba ka iya tada inji ba. Shekara nawa kana cika baki kai ne direban teku?"

Peniasi ya saki baki. Zauren ya sake kecewa.

Jirgin Suva ya zo ya ɗauki Litiana. Sakiusa da kansa ya kai mata akwati bakin ruwa, ya haɗa mata da kwandon gwaza, wannan kuwa yana sane ya bayar. Ranar Lahadi da waya ta yi ƙara ya riga Vasiti ɗauka, ya daɗe yana sauraron wani ɗan ƙaramin mutum yana ba shi labarin kare, bai gane rabi ba, amma ba laifin kunne ba ne.

Kwale-kwalen ya dawo turkensa, rawaya tun daga kai har gindi. A gefensa Peniasi ya rubuta masa suna da jan fenti, manyan baƙaƙe da harshenmu: Ban Ji Ba. Sakiusa ya yi rantsuwa zai goge, har yau bai sayi fentin ba.

Ran Litinin da hantsi yana ɗaura jarkar mai, sai ga Peniasi ya lallaɓo ta bayansa. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai, ya sauke murya har ta kusa ɓacewa cikin ƙarar ruwa. Ya fara da cewa kai, wannan jarka ta taubashi da kyau take, ga ta cike.

Sakiusa ko waigowa bai yi ba.

"Na ji ka sarai. Man nan rabinsa ruwa ne, yanzu ma nake shirin zuwa gidanka neman mazurari." Ya ja igiyar injin, ya tashi. "Shigo ka riƙe mini fatsa. Ka wanke ƙafa tukuna."